Ma'u Mai Daddawa da Ruwan Bayan Mahaifiyarta

Duk mai cin kasuwar Haɗeja ya san Ma'u mai daddawa, ko da bai san sunanta ba. Ita ce doguwar tsohuwar nan da ke zama a ƙarshen layin masu kayan miya, faifai biyu a gabanta, ba ta kiran mai saye, ba ta kuma yi wa kowa ragi don ya iya zaƙin baki. A Tudun Kalgo aka haife ta, wani ɗan ƙauye a fadamar da ke tsakanin Auyo da Haɗeja, wanda ruwa kan kewaye shi daga tsakiyar damina har sanyi ya kama. Ba ta san shekarunta ba. Abin da take tunawa shi ne ranar da aka jiyo ƙarar igwa daga Haɗeja, shekarar da Turawa suka ci garin, tana tsugune tana tsince tsakuwa a cikin kalwa, haƙoranta biyu na gaba sun faɗi. In an bi wannan lissafi, yanzu ta doshi sittin.

Mahaifiyarta, Iya Gana, daga ƙasar Barno aka auro ta, ta zo tare da ayarin masu kanwa tana yarinya. A hannun uwar mijinta ta koyi daddawa, ba a jima ba ta fi ta. Aikin kuwa ba na mai ƙyanƙyami ba ne. A dafa kalwa yini guda cur har ta yi laushi, a surfa ta da toka, a kai bakin ruwa a wanke ɓawon, a sake dafawa. Sannan a juye ta da zafinta a masaki, a rufe da ganye da tsummoki, a tura kuryar ɗaki a bar ta ta ruɓe. Ruɓar nan ita ce sana'ar. In aka buɗe da wuri, ƙwaya ce kawai mai gafi. In aka makara, tsutsa ta riga mai ita. Tsakanin wannan da wancan bai fi rabin yini ba, kuma da hanci kaɗai ake gane shi. Iya Gana takan tsaya a bakin ƙofa ta ja iska sau ɗaya, ta ce, "Da saura," ko kuma ta ce, "Kawo turmi."

A cikin wannan warin Ma'u ta tashi, har ta daina jin sa wari. Ta ɗauka babu sauran abin da zai tayar mata da zuciya a duniya. Ta gaji hancin uwarta, ta gaji hannunta, ta gaji tsayinta da tafiyarta, har yadda take karkatar da kai in tana sauraron magana. Mata kan ce Gana kaki ta yi ta tofar. A lokacin Ma'u daɗi take ji in an faɗi haka.

Ta auri Sa'idu masunci a nan cikin ƙauyen. Da mahaifinta ya rasu ta ɗauko uwar ta dawo da ita gidanta, suka ci gaba da aiki a murhu ɗaya.

Ma'u 'yar fari ce, saboda haka tun da ta zo duniya ba ta taɓa jin sunanta a bakin mahaifiyarta ba. "Ke" ce, ko "yarinyar nan", ko a yi gyaran murya ta waiwayo. Wata safiya, tana da shekara kusan arba'in, mata uku na tsaye a tsakar gida suna jiran a auna musu, sai Iya Gana ta ɗaga kai ta ce, "Asma'u, miƙo mini ludayin can." Sunan gaba ɗayansa, ba ko rage murya. Matan suka dubi juna, ɗaya ta sa gefen mayafi ta rufe baki. Ma'u ta miƙa ludayin. Ji ta yi kamar uwarta ta kwance zane a gaban mutane.

Daga nan abu ya yi ta zuwa ɗaya bayan ɗaya. Gishiri a cikin kunu. Barci da rana tsaka, taɓarya na hannunta. Susa har fatar cinyarta ta yi fari. Ta fara yi wa Sa'idu, surukinta da a da ko inuwarsa ba ta yarda ta haɗa hanya da ita, irin wasan da ake yi wa ɗan mafauta a kasuwa, har bawan Allah ya koma cin tuwonsa a zaure. Takan ɓoye loma a ƙarƙashin tabarma sai ta yi gashi a gano. Fitsari kuwa duk inda ya same ta. Ma'u ta wanke, ta shanya, ta sake wankewa. Wani malami ya ce sammu ne, ya ba da rubutu. Wata 'yar bori ta ce iskar bakin ruwa ce, ta karɓi jar kaza. Ba abin da ya ragu.

Ranar da Ma'u ba ta mantawa, ta dawo daga wankin kalwa ne da hantsi, ta tarar da uwarta zaune a rana tana aiki cikin natsuwa, kamar shekarun da. Faifai na gabanta, ta jera abubuwa baƙaƙe a kai, layi-layi. Har Ma'u ta fara murna. Sai iska ta juyo. Bayan gidanta ne tsohuwar ta yi a wurin, take ɗiba tana mulmulawa, tana dannawa da tafin hannu tana jerawa.

Ma'u ta ƙona faifan, ta kankare ƙasar wurin da fartanya, ta wanke hannuwan uwar da toka har sau uku. Kwana biyu ba ta iya sa komai a baki ba. Amma ba ƙazantar ce ta fi tsaya mata a rai ba. Abin da ta gani kafin ta zuba a wuta shi ne kowane ɗaya ya fita daidai, faɗinsa ɗaya da ɗan'uwansa, da ɗan kwarin babban yatsa a tsakiya. Haka ita ma take yin nata. Ko ita da kanta, da a kan faifanta ta gan su daga nesa, ba za ta ce ba aikinta ba ne.

Larai mai kitso ce ta faɗi abin da sauran mata ke faɗi a bayan ido. Kan Ma'u na kan cinyarta, tana tsaga da tsinke, ta ce, "Ni dai na ga kuna ta ɓarnar kaji. Abin nan gado ne. Uwarta ma can Barno haka ta ƙare, sai da aka riƙa ɗaure ta a turken jaki."

"Kin gan ta da idonki, Yaya Larai?"

"Ni me zai kai ni Barno? Wani bafatake ne ya faɗa wa mijina, shi kuwa ba ya ƙarya sai in ya ƙoshi." Ta danna ƙeyar Ma'u da yatsa. "Kin ga ɗan kwarin nan? Shekara ashirin ina yi wa Gana kitso, nata ma a nan yake. Kai ɗaya Allah ya yi muku. Daina motsi, kina ɓata mini layi."

Tun daga ranar Ma'u ba ta sake duban uwarta ta ga uwarta kawai ba. In tana wanke mata cinya, cinyarta take gani. In tsohuwar ta dalalo da miyau, sai ta ji ta kai hannu ta goge nata bakin.

Da bazarar 1938 masu latsa wuya suka iso. Haka mutanen fadama ke kiran ma'aikatan da Gwamnati ta aiko su bi ƙauyukan bakin kogi suna neman masu ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke sa wa mutum. Aka yi shela kowa ya fito ƙofar gidan dagaci, babba da yaro. Gidaje da yawa suka tura marasa lafiyarsu cikin rumbu, don ana cewa wanda aka kama da ciwon tafiya ake yi da shi. Sa'idu ma ya ce a ɓoye Iya. Ma'u ta ƙi. Ta yi wa tsohuwar wanka, ta goya ta kamar jaririya, ta ratsa taron da ita.

Wanda ya duba su wani malamin asibiti ne mai sanyin murya, Malam Shu'ibu, mutumin wajen Zariya. Ya latsa wuyan tsohuwar, ya ce akwai kaluluwa amma ƙanana ne, sun bushe. Ya soka allura ya ɗebi ɗan ruwa, ya ɗebi jini a yatsa, ya leƙa a madubinsu mai nuna ƙananan abubuwa. Ya daɗe yana leƙe. Sannan ya je ya kira likitan, wani Bature da zafi ya mai da fuskarsa ja. Likita ya ɗaga fatar idon Iya Gana, ya sa ta miƙa hannuwa ya ga suna rawa, ya tambayi yaushe abin ya fara, da yadda take barci, da ko tana zuwa bakin ruwa. Ma'u ta ce shekara arba'in tana wankin kalwa a cikin duhuwar bakin kogi. Ya yi magana mai tsawo, Malam Shu'ibu ya juyo.

"Ya ce abu biyu ne, ɗaya daga ciki. Ciwon barci in ya daɗe yakan bar wuya da jini ya shige cikin kai, ya juya wa mutum hali kamar haka. In shi ne, cizon ƙuda ne, ba a gadonsa. Ko kuma gigin tsufa ne ya zo mata da wuri. Shi kuwa wannan, wani lokaci yakan bi gida."

"To wanne ne?"

"Ya ce bai sani ba."

"Ba likita ba ne?"

"Shi ya sa ya ce bai sani ba, Inna. Da boka ne da tuni ya faɗa miki."

Malam Shu'ibu ya ce akwai hanyar ganewa. A cikin ƙashin baya akwai wani ruwa fari, ana zura doguwar allura a ɗebo shi a duba. Ya sa yatsa a kan zanen tsohuwar, ƙasa da tsakiyar baya kaɗan, ya nuna wurin. Amma kayan wannan aikin ba sa tare da su a wannan zagayen. In ruwa ya janye za su kafa sansani a Auyo, ta kawo ta can.

Ma'u ta durƙusa za ta goya uwarta, sai ya ƙara da cewa, "Ba ki tambaya ba, amma gara ki sani. Ya ce ko wanne ne daga ciki, yadda ta yi nisan nan, da wuya ta dawo yadda take."

Sai a lokacin ta lura ba ta tambaya ɗin ba. Tun da ta fito daga gida ba ta yi tunanin warkewar tsohuwar ba ko sau ɗaya. Kanta ta kawo a duba, a jikin wata. Ta koma gida da goyon, tana jin ɗumin fitsari yana bin bayanta, ba ta san wa ta fi ƙyama ba tsakanin su biyun.

Damina ta sauka, fadama ta cika, Tudun Kalgo ya zama tsibiri. Wata shida ne tsakaninta da Auyo, ga Auyon kuwa ana hango bishiyoyinta in gari ya washe. Ma'u ta shiga gadin kanta. In ta ajiye wuƙa ta neme ta ta rasa, sai gabanta ya faɗi. In ta shiga ɗaki ta tsaya ta manta abin da ya kawo ta, sai ta ji gumi ya keto mata. Ta daina yarda da hancinta. Rannan ta tsaya a bakin ƙofa ta ja iska, hancin ya ce da saura, zuciyar ta ce ina kika sani, ta buɗe masakin ta lalata kalwar kwana uku. Ba ta taɓa yin haka ba tun tana budurwa.

A cikin wannan hali Gwadabe wanzami ya zo ƙauyen, kwance a kan gora yana iyo da ƙafa, zabirarsa ɗaure a ka. Tsoho ne da kowa ya sani. Shi ya yi wa Ma'u askin suna, shi ya cire mata beli. Da ya gama da mazan zaure ta aika masa da fura, ta tsuguna daga gefe.

"Baba Gwadabe, ruwan nan da aka ce yana cikin ƙashin baya, ƙaho na iya jawo shi?"

"Wane ruwa ne ƙaho ba ya ja? Baturen da ya zo jiya ne zai nuna mini baya? Tun ba a yaye uwarsa ba nake kallon bayan mutane."

"In ka jawo shi, za ka gane na ƙuda ne ko na gado?"

Ya ɗaga kai ya dubi jinkar zauren kafin ya amsa. "In na ƙuda ne, baƙi zai fito, guda-guda. In na gado ne, da kumfa zai fito."

Ta ga lokacin da ya dubi jinkar. Ta san a nan take ya ƙirƙiro maganar. Amma ta ce wa ranta ai wurin ɗaya ne, ruwan ɗaya ne, kuma gara hannun wanda aka sani da a tuɓe tsohuwa a gaban baƙin maza. Abin da ba ta faɗa wa ranta ba shi ne ba za ta iya jiran wata huɗun da suka rage ba.

Da safe aka yi, a bayan ɗaki. Ma'u ta kifar da uwarta a tabarma, ta sassauta mata zane, ta sa yatsa daidai inda Malam Shu'ibu ya nuna. Ita ta danne kafaɗun da gwiwa. Gwadabe ya kafa ƙaho uku ya tsotsa har fatar ta tashi, ya cire, ya tsattsaga da aska, ya mayar. Iya Gana ta yi ta kiran uwarta da Barbarci, harshen da Ma'u ba ta ji ta yi ba tun tana ƙarama. Da ya ɓalle ƙahonin ya juye a sakaina, Ma'u ta sunkuya ta duba. Jini ne baƙi, guda-guda. A samansa kuma ga kumfa.

"Wanne ne, Baba?"

Ya juya sakainar, ya karkata kai. "Na farko a gauraye yake fitowa. Sai an sake."

Sau uku aka yi cikin wata guda, a wuri ɗaya, kowane karo ya shafe tsagar da baƙin tukunya da man shanu. Kowane karo abin da ke cikin sakaina bai sauya ba. A na ukun ya ce jinin tsofaffi ba ya faɗin gaskiya da damina. Daga nan in ya zo ƙauyen ta ɗaya gefen yake fitowa daga ruwa.

Tsohuwar da ke kwana a rigingine cikin jiƙa, ba ta san ta juya ba, ba ta san ta kori ƙuda ba, tsaga ba ta warkewa a jikinta. Wuraren uku suka haɗe suka zama gyambo ɗaya mai faɗin tafin hannu. Gefensa ya yi baƙi, tsakiyarsa ta yi ruwan ƙwai. Ma'u ta wanke da ruwan zafi, ta barbaɗa garin bagaruwa, ta tsince tsutsa da tsinken tsintsiya. Hancin nan nata da ta daina yarda da shi bai yi mata ƙarya ba ko sau ɗaya a wannan ɗakin. Tun daga bakin ƙofa takan san inda ruɓar ta kai yau, da inda za ta kai gobe. Ta daina cin duk miyar da aka sa wa daddawa. Tana yi, tana sayarwa, amma ba ta kai ta baki.

Da ruwa ya fara janyewa aka ce masu latsa wuya sun sauka a Auyo. Sa'idu ya sa su a kwalekwale ya tura su ta sauran ruwan, inda ya ƙare Ma'u ta goya. Ta rufe gyambon da ganye, ta naɗe da sabon ƙyalle, ta ɗaura wa tsohuwar zanenta na Salla. A hanya tana ta gaya wa kanta allura ai siririya ce, wuri kaɗan take nema.

Sansanin rumfunan zana ne a bayan gari. Malam Shu'ibu ya gane ta. "Inna mai goyo, kin cika alkawari." Aka kwantar da Iya Gana a gefenta a kan wani dogon tebur, aka lanƙwasa mata gwiwa. Ga allurar nan a cikin tasa, tana tururi. Malam Shu'ibu ya warware ƙyallen, ya ɗaga ganyen. Ya ja da baya taku ɗaya, ya juya fuska, sannan ya daure ya dawo.

Likitan ya zo ya duba. Bai ɗaga murya ba. Ya yi tambaya ɗaya gajeriya.

"Ya ce wa ya yi wannan?"

"Wanzami."

"Wa ya nuna masa wurin?"

Wannan ba likita ne ya tambaya ba, Malam Shu'ibu ne da kansa. Ma'u ta dubi ƙasa.

Likita ya yi magana, ya mai da allurar cikin tasa ya rufe. Malam Shu'ibu ya ce, "Ba za a yi ba. In allura ta ratsa ta cikin wannan, za ta kwashi mugunyar ta kai ta cikin ruwan. Ba za ta yi kwana uku ba."

"A soka ta sama mana. Ko ta gefe. Ga wuri nan da bai taɓu ba."

Muryarta ce, ta ji ta da kunnenta. Tsohuwar na kwance a tsakaninsu tana wasa da bakin zanen Salla, tana murmushi. Likita ya dubi Malam Shu'ibu yana jiran fassara.

"Wannan ba zan juya masa ba," in ji Malam Shu'ibu a hankali. "Sama da nan in aka kuskure, ƙafafunta sun tafi. Kin ji abin da kika ce kuwa?"

Ta ji. Ta tsaya har suka gama wanke gyambon da wani ruwa mai launin shuni, suka yanke naman da ya mutu, suka ɗaure. Suka ba ta magani a kwalba, suka ce kwana ashirin za su yi a nan, in ya rufe ta dawo da ita. Tana ɗaura goyo ta tambaye shi, ba tare da ta dube shi ba, "Da ba a taɓa wurin ba fa?"

"Da kafin azahar kin ji amsar."

Gyambon bai rufe ba. Ya dai daina wari, ya ragu kaɗan, amma kwana ashirin suka cika yana buɗe. Sansanin ya tashi ya yi gabas. Iya Gana ta rasu kafin ruwan farko na shekarar da ta biyo, da rana, tana barci. Larai na cikin matan da suka yi mata wanka. Ta ga bayan, ta dubi Ma'u, karo na farko a rayuwarta ba ta ce komai ba. Ma'u ta ji a ranta da Larai ta yi maganar da ya fi mata sauƙi.

Shekara goma sha tara ke nan. Sa'idu ya rasu, Gwadabe ya rasu. An sare duhuwar bakin kogin saboda ƙudan, yanzu a fili ake wankin kalwa. Ma'u ba ta fasa sana'a ba, daddawarta ce ma ake aikawa da ita tsaraba har Kano. Tana mantuwa kamar kowace tsohuwa, kuma babu mantuwar da take wucewa ba ta tsaya ta dube ta ba. Shekarun da uwarta ta fara, yanzu ta shiga cikinsu.

Bara da rani ta kira magini ya yi mata gadon ƙasa a ɗakinta. Ba irin wanda aka saba ba. Ta ce ya karkatar da shi ta wajen ƙafa, ya yi masa kwari a gefe, kwarin ya bi ta gindin bango ya fita waje, ya kuma daɓe shi da makuba har ya yi santsi. Magini ya ce shi bai taɓa ganin gado da magudana ba. Ta ce yau ya gani.

Autarta Zaituna, wadda ke aure a Haɗeja, ta zo ganin gida ta tarar da shi. Ta tsaya tana kallo, ta bi kwarin da ido har inda ya huda bangon, ta gane.

"Haba Inna. Mutum da ransa da lafiyarsa. Wannan ai ko akuya ba a yi wa."

"Akuya ba ta da 'yar da za ta yi ta wankin tabarma. Tulu ɗaya za ki kwara, ki sa tsintsiya, shi ke nan."

"Yanzu fa akwai asibiti a gari. Mu je a duba ki, hankalin kowa ya kwanta."

"A duba me? Wadda amsar ke jikinta tana maƙabarta." Ma'u ta zauna a bakin gadon. "Zauna ki ji, tun ina gane ki. In abin ya zo, ki wanke ni, ki ba ni abinci, ki kawar da faifai daga inda hannuna zai kai. In kin ji ƙyamata ki ji, ba zan sani ba, kuma ba zan riƙe ki ba. Amma duk wanda ya zo ya ce miki zai gano miki abin da ke damuna, malami ne ko wanzami ko mai farar riga, ki ba shi ruwa ya sha ya kama hanya. Ba don ni za ki so ki sani ba. Na san wannan."

Zaituna ta zauna kusa da ita. Sannan ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "To ni fa, Inna? Ta yaya zan san nawa?"

"Ba za ki sani ba. Ɗauko mini tulun can."

Ta kawo. Ma'u ta tashi, ta naɗe tabarmar, ta kwara ruwan daga wajen kai. Suka tsaya suna kallo yana gangarawa. Mafi yawansa ya bi kwarin ya fita, amma kaɗan ya taru a tsakiya, daidai inda ƙugun mutum zai kwanta, ya tsaya. Ma'u ta sunkuya ta sa yatsa a ciki ta auna zurfinsa, ta yi tsaki.

"In za ki koma, ki biya ta gidan maginin nan. Ki ce masa bai gama ba."